A Mayar Da Ni Tsibirin Tsuntsaye Kafin Bazara

Zuwa ga Mai Girma Daraktan cibiyar lura da tsuntsaye, Doha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Habu Garba, mutumin Nguru, mai gadin da kamfanin tsaro ya ajiye muku a tsibiri. Sau uku ina zuwa ofishinka ana cewa in dawo gobe, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Gadi aka ɗauke ni. Amma da korona ta hana masananku zuwa, ni kaɗai na rage da littafin rajista. Kullum da sassafe a bazarar wannan shekara ta korona sai na rubuta tsattsewa da sauran tsuntsayen da suka yada zango a hanyarsu ta arewa. A bakin fadama na tashi, yawancinsu ba baƙi ba ne a wurina. Da masanan suka dawo, suka koya mini sa wa ɗan tsuntsun teku zobe mai lamba a ƙafa ba tare da na ji masa ciwo ba.

Na biyu. Gab da gasar kofin duniya aka ɗauke ni zuwa ƙofar filin wasa, ba a tura kowa a madadina ba, alhali lokacin ne baƙaƙen tsuntsayen teku masu nutso, waɗanda nake sa wa 'ya'yansu zobe, suke kwanci a tsibirin. Na gaya wa shugabana a kamfani, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, tsuntsu ba ya bukatar mai gadi. Wani masunci a garin Al Wakrah ya shaida mini cewa jiragen 'yan yawon shaƙatawa suna sauka a tsibirin da kiɗa. Ranar hutuna na bi shi zuwa tsibirin. Iyaye sun watse, rana ta dafa ƙwai. Cikin 'ya'yan da suka mutu har da waɗanda na sa wa zobe da hannuna. Na ciro zobban, suna ɗakina cikin gwangwani.

Na uku. Rahotonku ya ce yanayi ne ya jawo mutuwar tsuntsayen. Ba yanayi ba ne, ranka ya daɗe. Na ga sawun takalma da tokar gashin nama a tsakiyar sheƙa.

Roƙona shi ne a gyara rahoton, a hana sauka a lokacin kwanci, a kuma nemi kamfani ya mayar da ni kafin ƙaurar bazara. Na san wasiƙar nan tana iya jawo a sallame ni a sa ni a jirgi zuwa gida. Na yi shawara da mai ɗakina, ta ce in sa hannu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon yin adalci ko ga abin da ba ya magana.

Wassalam.

Naka,
Habu Garba