Ƙashin da aka rataya mini

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mutanen Ƙofar Atiku duk lafiya.

Na kammala littafin yaran nan. Kawu Bello ya karanta, ya ce in cire babin da malami ya rataya ma yarinya ƙashin saniya a wuya don ta yi Hausa cikin aji. Wai kowa zai gane makarantar da ya shugabanta ce.

Na ce, "Kawu, ina aji biyu na kwana bakwai da ƙashin nan, kuna kallo." Tun ranar bai amsa gaisuwata.

Ba ni cirewa, Yaya. Wuyana ya ɗauka, ba nashi ba.

Ki sa ni addu'a. Ki gaishe da yara, don su na rubuta shi.

Ƙanwarki,
Asma'u