Tattara a Kafaɗar 'Yarmu

Zuwa ga sanyin idanuna, ruwan da nake ƙishi, inuwar da ta guje ni rana tsaka, mijina uban 'yata.

Gaisuwa daga wadda ta yi iya ƙoƙarinta ta daina sonka, abin ya gagara.

Ka tuna ranar da kake yi wa 'yarmu cakulkuli a kan teburin yankan yadi, tsakanin ƙyallaye, yatsanka ya ci karo da ƙullutu a bayan kafaɗarta? Dariyarka ta ɗauke ɗif. Na ce mu tafi asibiti, ka ce in bari tukuna, sai ka hau keken ɗinki. Kai, sannu gwanin tela! Kowace riga ka cika mata tattara a kafaɗa, fure kan fure, don kada ido ya gani. Maƙwabta na yabon ɗinki, kai kuwa kullum da safe kana auna abin da tef a ɓoye, sai ka ce hula za ka ɗinka masa. Ƙullutu na girma, tattara na ƙaruwa!

Da mahaifiyarka ta tuɓe mata riga ta gani, ta ce ciwon daji ne, wai daga jinin gidanmu. Me ka ce, masoyi? Ka sunkuyar da kai kana zura zare a allura. Haka na goya ta zuwa gidan Yayana, ina tafe ina waige ko za ka biyo mu.

To, mun kai ta asibiti, an yi mata aiki an cire ƙullutun. Likita ta ce ƙari ne marar cutarwa, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, yawanci a ƙananan yara. Ba daji ba ne, ba laifin jinin kowa ba ne. Yaya ne ya riƙe ta har maganin barci ya ɗauke ta. Ɗinkin likita ko rabin kyan naka bai kai ba, amma shi ya warkar.

Wallahi haushinka nake ji, kuma kewarka na cina kamar gara. Wace irin zuciya Allah ya ba ni, da ba ta jin magana?

Ka zo, hasken raina, don Allah ka zo. Yarinya ta fara magana. Jiya Yaya ya shigo, ta miƙa masa hannu ta ce Baba. Kowa ya juyo yana kallona. Ban gyara mata ba. Wa zan nuna mata?

Taka har ƙarshen numfashi, ko ka zo ko kar ka zo,
Uwar 'yarka.