Mijina ya faɗi gwajin ƙwaƙwalwa da gangan don kada a zaunar da shi a benci

Anti Earline, don Allah ki taimake ni. Ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta zagaye-zagaye, don hankalina ba a jikina yake ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Mahaifiyata ta rasu, ƙawayena kuwa duk matan 'yan wasa ne, abin da ka faɗa wa ɗaya da safe, kafin yamma ya isa ofishin kulob. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Mijina, bari in kira shi Lamont, zari-ruga irin ta Amurka yake bugawa a babbar gasa, a wani kulob na can arewa da ba zan faɗi sunansa ba. Shi ne wanda ake danƙa wa ƙwallo a ƙirji, ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin ƙartin da kowannensu ya yi girman firji. Shekararsa bakwai yana wannan aiki. A watan Oktoba zai cika talatin, ke ma kin san kallon da ake yi wa mai gudu da ƙwallo in ya kai talatin, kallon tsohuwar mota.

Tun watan Afrilu, da kulob ya ɗauko wani matashi daga jami'a a kan wannan gurbi nasa, ba abin da ake yi a rediyo da talabijin sai auna mijina. Wani mai sharhi ya ce ƙafafunsa ba su mutu ba, tunda bara ya haura yadi dubu yana gudu da ƙwallo duk da masu buɗe masa hanya ba su taɓuka komai ba. Wani ya ce raba musu ƙwallo za a yi shi da matashin, zuwa Nuwamba kuma sai benci. Akwai wani mai ƙaton tumbi, wanda na tabbata ko kare bai taɓa kora da gudu ba, ya ce a sallame shi kafin Satumba tunda kwantiraginsa bana zai ƙare. Har a kanti wani ya tare ni ina tura keken kaya, wai madam, yaya gwiwar maigida, in sa shi a ƙungiyata ta wasan waya ko in haƙura? Gwiwa! Kowa gwiwa yake tambaya. Gwiwarsa ƙalau take, Anti. Kansa ne ba wanda ya tambaya.

A Disambar bara suka yi karo kai da kai da wani. Ina zaune a wurin iyalai na ga ya miƙe ya nufi bencin abokan karawa, sai da abokin wasansa ya riƙo rigarsa ya juyo da shi. Ya huta wasa ɗaya, likitoci suka ce ya warke, ya koma. To ni ce nake kwana nake tashi da shi, kuma na san bai warke ba. Baƙin tabarau yake sawa a cikin falo. 'Yarmu Nyla, shekararta huɗu, in ta yi ihun wasa sai ya daka mata tsawa, mutumin da a da shi ne dokinta. Daga baya ya zauna ya yi tagumi kamar zai yi kuka. Wanda ya fi tsaya mini a rai, addu'ar cin abinci da kakarsa ta koya masa, wadda yake yi tun kafin ya iya ɗaure takalmi. Ranar Ista muna riƙe da hannun juna a tebur, ya kai tsakiya ya tsaya cak. Muka yi ta jira. Sai ya yi dariya ya ce amin kawai, yunwa yake ji. Kowa ya yi dariya. Ni da nake riƙe da hannunsa na ji yadda ya jiƙe da gumi.

Duk wannan ina lallashin kaina cewa gajiya ce. Sai ranar bikin 'yancin kai na huɗu ga Yuli, da muka je gidan mahaifiyarsa, Mama Odessa, a Mississippi, kamar yadda muke yi kowace shekara. An cika tsakar gida, ana gasa haƙarƙari, ana soya tarwaɗa. Akwai Otis, tsohon ɗan wasa ne da ya yi ritaya, shi ya riƙe Lamont kamar ƙani lokacin da ya shigo gasar. Na fito daga kicin da farantin burodin masara, suna tsaye wajen gashi sun ba ni baya, sai na ji Otis yana cewa, “Ƙanena, ka yi abin da na gaya maka kuwa?” Lamont ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, “Yaya, ai na zauna gaban kwamfutar nan na zama cikakken jaki. Malamar da ke gwajin har tausayina ta ji.” Otis ya doki kafaɗarsa ya ce, “Yauwa, yanzu ka zama ɗan gari.”

Kin san gwajin da suke nufi. Kowace shekara kafin a fara kakar wasa, ana zaunar da ɗan wasa yana lafiyarsa ƙalau, a nuna masa kalmomi da zane-zane ya tuna, a auna saurin hannunsa, a ajiye sakamakon. Ranar da ya bugu a kai sai a maimaita masa. In bai kai inda ya kai yana lafiya ba, ba zai koma fili ba. To tsofaffin hannu sun gano dabara: ka faɗi na farkon da gangan, ka yi nawa, ka yi kamar ka manta, yadda ko kanka na juyawa za ka iya kamo wannan ɗan makin. Wato mijina da hannunsa ya kashe ƙararrawar da za ta cece shi.

Farantin nan ban san yadda na ajiye shi ba. Kuma Anti, ki dubi mai ba da shawarar! Otis bai wuce arba'in da 'yan kai ba. A yinin nan sau uku ya ba ni labari ɗaya, kowane karo yana dariya kamar sabo. Matarsa ce ke tuƙa shi yanzu. Na ga ta bi shi da ido duk inda ya yi, irin yadda nake bin Nyla a bakin ruwa. Muka haɗa ido da ita, ta kawar da kai.

Washegari a mota, Nyla na barci a baya, na tayar da maganar. Da farko ya mai da abin wasa, wai uwargida sarkin tsoro, kowa haka yake yi, har masu bugun ƙwallo da ƙafa da ba a taɓa su. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya haɗe rai. Ya ce in ya zauna mako biyu matashin nan zai karɓe gurbin, kuma ba a mayarwa. Ya ce ya sani, don shi ma haka ya samu, wani ne ya ji ciwo aka sa shi a madadinsa, har yau ba a sake jin ɗuriyar mutumin ba. Kaka ɗaya kawai yake roƙo, ya yi ta da kyau, ya sa hannu a kwantiragin ƙarshe, ya ajiye hular kwano da kansa ba a kore shi ba. Muka yi tafiya mai nisa. Sai can, idonsa na kan titi, ya ce, “Kin san abin dariya? Rabin kalmomin nan ba da gangan na manta su ba.”

Wayyo Allah. Tun daga ranar abinci ba ya shiga mini. Na gwada taɓa wa Mama Odessa maganar sama-sama, ta ce 'yar nan, ki yi addu'a ki bar namiji da aikinsa, tun yana ɗan shekara shida ake buga shi yana tashi. Ban ga laifinta ba, ba ta san rabin abin ba.

Ƙarshen watan nan za su shiga sansanin atisaye, a fara karo na gaske. Lambar likitan kulob tana cikin wayata. Na buɗe ta na rufe ban san adadi ba. Lamont ya ce in na kai maganarsa ofis na yanka shi ta baya, kuma ba zai taɓa yafe mini ba, na kuma san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. In na kira, wataƙila na kashe masa aikin da ya ba rayuwarsa duka, in kashe aurena a kai. In na yi shiru, duk Lahadi zan zauna in kalli ana danƙa masa ƙwallo ina jiran karon da ba zai tashi daidai ba. Tsoro nake ji, Anti, tsoro mai tsanani. In kira ko in yi shiru?

Mai Fargabar Lahadi

*

'Yata Mai Fargabar Lahadi,

Sannu. Ki fara da cin abinci, don aikin da ke gabanki ba na mai jiri ba ne.

Tsoronki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki sarkin tsoro. Ni ba likita ba ce, ba zan ce ga abin da ke damun mijinki ba. Amma abubuwan da kika lissafa sun isa a kai mutum asibiti ko da direban bas ne, balle wanda sana'arsa karo.

Shi ma ki yi masa adalci. Ba wauta ce ke damunsa ba, tsoro ne irin naki. Abin da ya faɗa game da gurbi gaskiya ne, haka wasan nan yake, ba ya jiran kowa. Na shekara arba'in ina kallon wasan, kuma in kina son nawa hasashen, ga shi: mai ƙafafu irin na mijinki zai iya yin kaka mai kyau bana, ko da an raba musu ƙwallo da matashin. Sai dai kaka mai kyau a gurbinsa tana nufin karo ɗari bisa ɗari, kuma masu sharhin nan suna lissafi ne ba tare da sanin abin da kika sani ba. Hasashensu na ɗan wasa ne mai lafiyayyen kai. Ba a tabbatar akwai shi ba tukuna.

Kada ki kira likitan kulob a ɓoye. In kika yi haka, maganar za ta tashi daga kansa ta koma kan amanar da kika ci, ya sami abin fakewa. Kuma kada ki yi shiru. Akwai hanya tsakanin biyun, amma gajera ce, don sansani ya kusa.

A makon nan ki nemi likitan ƙwaƙwalwa wanda ba kulob ke biyansa ba, ki karɓi rana. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa za ta iya gaya muku haƙƙinsa a kan ganin likitan waje, ki tambaya ba sai kin faɗi suna ba. Sannan ki kai Nyla wajen wadda kika yarda da ita, ki zaunar da shi da rana tsaka, ba a mota ba, ba cikin faɗa ba. Ki tuna masa maganar da ya yi da bakinsa a kan kalmomin nan. Mutum ba ya furta irin wannan sai yana son a ji shi, 'yata. Ya miƙo miki hannu ne, ko da shi kansa bai sani ba. Ki ce abu biyu kike so: ya ga likitan nan tare da ke, ya faɗi komai, kuma ya nemi a sake masa gwajin kulob ya yi shi da gaskiya. In likita ya ce lafiya, za ki zauna a sahun gaba ki fi kowa ihu.

Ki je wajen matar Otis ke kaɗai. Ba kawar da kai ta yi don ba ta da abin faɗa ba. Ki roƙe ta ta gaya wa Lamont yadda yininta yake, daga safe zuwa dare. Zai iya musa miki, da wuya ya musa mata. Mama Odessa kuma ki daina taɓa mata sama-sama, ki gaya mata duka. Uwa ce, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Tsawar da yake daka wa yarinya ma ki sa ido a kai. In ta fara wuce tsawa, ki ɗauke ta ku bar gidan tukuna, sauran magana daga baya.

In duk an yi wannan ya ƙi, to ki dube shi ido cikin ido ki ce kafin ranar da za su fara karo a sansani za ki kira likitan kulob, kuma a gabansa za ki kira. Wannan ba yanka ta baya ba ne. Kada ki faɗa sai kin shirya cikawa, in kin faɗa kuma ki cika.

Ba zan ruɗe ki ba, yana iya rasa gurbin, yana iya rasa kakar gaba ɗaya, kuma yana iya cika alkawarinsa na ƙin yafe miki. Wannan zai yi ciwo ƙwarai. Amma in ya kai shekara sittin yana jin haushinki, yana iya faɗin ranar da abin ya faru da abin da kika ce da abin da ya ce, ba tare da ya tsaya lalube ba, to ki gode wa Allah, kin yi nasara.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare muku gidanku.

Anti Earline