Gidan Faifai na Icen Aduwa

Laraba, bayan isha'i

Saura kwana goma azumi, kuma 'ya'yan marigayi Malam suna jiran gidajen katako na faya-fayan tafsirinsa, da sunansa a jiki. Waɗanda kafintan Bakura ya kawo mini duk gam ne a cikinsu. Injin leza da nake zana suna da wutarsa na taɓa su suka babbake, shago ya cika da wari. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yau na hau mashin har Maradun, wurin wani tsoho mai sassaƙa alluna. Icen aduwarsa busasshe ne, sumul. Bayan mun gaisa na nuna masa faifai, na ce gidajensa nake so ya sassaƙa mini, in zana sunan Malam a jiki da wutar inji.

Ya ce, "Ɗana, wuta za ka sa wa icen da ake rubuta Alƙur'ani a kai?"

Na ce, "Suna ne kawai, Baba, ba aya ba."

Ya auna faifan da tafin hannunsa. Ashe ya daɗe yana zuwa tafsirin Malam.

"Zan yi," in ji shi, "amma na farkon nawa ne."

Ya ba ni guntun icen, gobe zan gwada shi a injin. Ko sau goma zan rage wutar, sunan Malam ba zai ƙone a hannuna ba.