Na Miƙa wa 'Yata Farantin Goro, Shekara Goma Sha Ɗaya Ba Mai Gaishe Ni

Hajiya Tasalla,

Ranar 27 ga Disamba, 2013, na aikata wani abu da bai ɗauke ni minti biyu ba, har yau kuma ban fita daga cikinsa ba. Don Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan tambaya. Ke na zaɓa saboda a Kafanchan na tashi, mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma a garinmu nan ƙasar Ibo ba mai karanta Hausa sai ni. Ko jaridar ta faɗa hannunsu, sai dai su ƙunshe gyaɗa da ita. Sunayen duk na canza.

Shekaruna saba'in da bakwai. Na yi hedimasta shekara ashirin da biyu. Na yi jami'a tun lokacin da idan mutum ya dawo da digiri gari ke fita bakin hanya tarbarsa. Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu, duk mata. Babbarsu Ukamaka, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta haɗa matan garinmu suka fara neman kujera uku a majalisar ƙungiyar gari. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Su suka gina ɗakin haihuwa, su ke share kasuwa, su ke dafa abincin kowane taro, amma ranar yanke shawara a gindin mangwaro suke zama a waje, sai an gama a aiko a gaya musu. Ni nake rubuta musu takardun koke. Kada ki ɗauka tsabar imani ne ya sa ni. Daɗi nake ji in ga shugabannin ƙungiya suna laluben ƙamus kafin su gane abin da na ce musu.

A wurinmu ba a buɗe taro sai goro ya zagaya. Farantin yana bi daga dattijon wannan gida zuwa na wancan, kowane dattijo ya taɓa, ya miƙa wa wani ɗansa ya kai gaba, a ƙarshe babba ya yi addu'a ya fasa. Mace tana ci idan an ba ta, amma ba a nuna mata farantin, ba ta taɓa shi. A taron shekarar nan an bar matan sun shigo sun tsaya can ƙarshen zaure, don a karanta takardarsu a sallame su. Da farantin ya iso hannuna, sai Okwudili, ɗan wan mahaifina, wanda tun muna yara ba ma shan ruwa a kofi ɗaya, ya ɗaga murya ya ce, "Hedimasta, miƙa wa ɗanka ya kai gaba mana. Au, yi haƙuri, na manta. Kai 'yan ɗankwali ka tara." Zaure ya kwashe da dariya, har da mutanen da ni na koya musu rubuta sunansu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa kujeru da farantin a hannu har wurin matan, na tsaya gaban Ukamaka, na ce, "Ga ɗana." Ta dube ni, ta sa hannu ta ɗauki goro ɗaya. Taron bai ci gaba ba. Kafin sabuwar shekara umunna, wato mazan danginmu na wajen uba, sun yanke hukunci: ba mai gaishe ni, ba mai shiga gidana, ba mai ɗibar wuta a murhunmu, ba ni da kujera a biki ko makoki. Wanda ya saɓa, akuya ce tararsa.

Da muka koma gida ranar, matata Ugonne ta kwance ɗankwali tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Nna anyi, maigidana, shekara arba'in ina sayo maka goro a kasuwa, sai yau na ga yadda yake zama a faranti." Ita kaɗai ta yi dariyar da ba ta yi mini ciwo ba.

Hajiya, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ba don mata na yi ba. Ba don adalci ba. Fushi ne. Da Okwudili ya yi shiru, da na miƙa wa ɗan ƙanena farantin kamar kowace shekara na koma na zauna. Amma 'yata ba ta sani ba. Ta mai da ni tuta. Farantin nan yanzu shi ne alamar ƙungiyarsu, yana jikin atamfarsu, yana saman takardunsu. Hotona na bangon ofishinsu a Enugu. Tana zuwa ƙasashe tana ba da labarin mahaifinta jarumi. Sau biyu a shekara takan zo da baƙi masu na'urar ɗaukar hoto, su zaunar da ni a kujera, su ce in riƙe faranti in yi murmushi. Ƙarfe huɗu na yamma sun kama hanya, wai hanyar ba kyau. Sauran kwanakin shekara ni da rediyo ne da awaki biyu. A coci ma bencin da na zauna yakan zama nawa ni kaɗai. Na karanta littattafai da yawa a kan 'yanci a rayuwata, ba wanda ya gaya mini cewa masu yi wa mutum tafi suna komawa gidajensu.

Makon jiya Okwudili ya zo da ƙafarsa, yana dogara sanda. Shi ne babbanmu yanzu. Tunda doka ta hana shi yi mini magana, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya fuskanci bishiyar lemon da ke tsakar gidana. Ya ce, "Ke bishiya, gaya wa mai gidan nan mun tsufa, ni da shi. Gaya masa ƙasa ba ta jiran mai taurin kai." Sannan ya jero wa bishiyar sharaɗi: akuya ɗaya, tulu biyu na bammi, goro huɗu, kuma a taron Disamban nan in miƙe tun farkon zama in ce abin da na yi hauka ne, mace ba ta da wuri inda ake fasa goro. In na yi haka an yafe mini, in na mutu su za su binne ni.

A wannan taron ne kuma za a kaɗa ƙuri'a a kan kujeru ukun. Samarin da ke dawowa daga Legas da Fatakwal sun fara sauya ra'ayi, an ce ƙuri'a biyu ko uku ce tsakani. Ni ba yaro ba ne, na san dalilin da ya sa ake so in yi magana kafin ƙuri'a. Na kira Ukamaka a waya don in gaya mata. Kafin in buɗe baki ta ce, "Papa, mun ɗinka maka riga mai hoton farantin, a layin gaba za ka zauna ranar, kowa ya gan ka!" Na ce mata to, Allah ya kai mu.

In na tuba, na rushe aikin 'yata na shekara goma sha biyar da bakina. In na ƙi, zan mutu a kan aƙidar da ban taɓa tabbatar tawa ba ce. Likita ya ce zuciyata ta kumbura. Ba mutuwar nake tsoro ba, na riga na ga yadda za a yi da ni. Ugonne ta rasu a shekara ta shida da hukuncin. Mai shela bai buga kuge ba. Matan ƙungiya sun zo cikin bas biyu, sun yi waƙa, sun tafi kafin magariba. Kabarin kuwa leburori huɗu na ɗauko daga tashar mota suka haƙa, ɗayansu yana tambayata, "Oga, zurfin ya isa haka?" Ba su san sunanta ba. Shekara arba'in da shida tana dafa wa dangina abinci a kowane biki da kowane makoki. Ba ko ɗayansu da ya zuba mata ƙasa.

Tsohon Hedimasta

AMSA

Baba Hedimasta, na karanta wasiƙarka sau uku. Ina yi maka ta'aziyyar Mama Ugonne. Abin da aka yi mata bai dace ba, ko a al'adar wa.

Bari in fara da abin da ya fi cin ranka. Ka ce fushi ne ya ɗaga ka. Na yarda. Amma fushi minti biyu ya yi. Shekara goma sha ɗayan da suka biyo baya fa? Kana da akuya, ka san inda ake sayar da bammi, ka san gidan Okwudili. Ko ranar da matarka ta rasu ba ka je ka durƙusa ba. Wani abu ya riƙe ka, kuma ba na jin taurin kai ne kaɗai. Mutumin da ya ce “ga ɗana” a gaban gari, ya daɗe yana faɗin haka a zuciyarsa.

Danginka ma ba zan mai da su dodanni ba. A wurinsu goron nan addu'a ce, kuma ka watsa musu taro a ranar da kowa ya dawo gida. Wannan ciwo ne na gaske. Sai dai ka lura, shekara goma sha ɗaya ba su neme ka ba sai da ƙuri'a ta matso. Su ma suna buƙatarka ke nan. Kuma tsohon da ya tako da sanda ya tsaya yana yi wa bishiya magana, ba ƙuri'a kaɗai ta kawo shi ba. Ya ce “mun tsufa, ni da shi.” Ka riƙe wannan.

Shawarata ita ce kada ka yi wannan tuba a wannan taro. An haɗa maka abu biyu a ƙunshi ɗaya, ka raba su. Neman gafarar watsa taro cikin fushi gaskiya ce, za ka iya faɗinta da kai a sama. Cewa 'yarka ba ta da wuri ƙarya ce, kuma da za ka faɗe ta, kai za ka kwana da ita. Ka aika wa Okwudili ta bakin Fadan cocinku cewa akuya da bammi suna nan, za ka kai su gidansa a watan Janairu, bayan ƙuri'a, ko wa ya yi nasara. Ƙila ya ƙi. Ba zan yi maka alkawarin zai karɓa ba. Amma ƙofar da aka buɗe sau ɗaya ta fi sauƙin sake buɗewa, kuma samarin da ka ambata su ne masu haƙa kabari yanzu, ba tsofaffin ba.

Kafin duk wannan, ka kira Ukamaka ta zo ita kaɗai, ba baƙi, ba na'ura. Ka gaya mata komai: maganar Okwudili, fushin, bencin coci, abin da likita ya ce, leburorin tasha. Laifinta a fili yake, ta rataye hotonka ta manta mai hoton yana raye. Amma kai ma murmushi kake yi mata duk zuwa, ka ce mata “to.” Ba za ta ga raunin da kake rufewa da riga ba. Matar da ta shekara goma sha biyar tana yaƙi don kada a bar mutane a gindin mangwaro za ta gane ka fiye da kowa, domin can aka ajiye ka kai ma. Ka nemi ƙungiyarta ta sa ɗage wannan hukunci cikin buƙatunta. Ka kuma zauna da 'ya'yanka huɗu da Fada ku tsara yadda za a yi jana'izarka, a rubuce, don tsoron nan ya daina yanke maka shawara. Rigar kuwa, in ba ka so, kada ka sa. Kai ba allon talla ba ne.

Abu na ƙarshe. Ranar da 'ya'yan suka taru, ka sayi goro, ka sa a faranti a tsakar gidanka, a gindin lemon nan. Ka miƙa wa Ukamaka, ka ce ta yi addu'a ta fasa, ta ambaci sunan mahaifiyarta. Wancan karon fushi ne ya ɗauki farantin. Wannan karon kai za ka ɗauka.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya sanyaya zuciyarka, ya sa ka ji sallama a bakin ƙofarka tun kana iya amsawa.

Hajiya Tasalla