Takin Garken Baya

Da sunan Allah nake farawa. Da hannuna na rubuta wannan, cikin hankalina. Ƙafafu ne suka ƙi, amma kan nan da ya sha ciniki da mahauta yana nan daram. 'Ya'yana, ku zauna ku karanta tare, kada ɗaya ya karanta ya ba sauran labari.

Na ɗaya. Shanun turka ku raba yadda shari'a ta ce. Babba, kai ka san bakin kasuwa, kai za ka sayar. Amma duk bijimin da aka yi wa allura, a bar shi ya cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya ga wuƙa. Na san ba haka na koya maka ba.

Na biyu. Gonar tudu, wadda kowannenku ke yi wa kallon gefen ido, ta Gwaggonku ce. Na sa an auna, ba ta kai sulusi ba, kada ku wahalar da malamai.

Kun san garken baya, inda muke ware marasa lafiya. Allura safe da yamma, garin magani a ruwan sha, ba awo. Sa ya yi tari, in ƙara masa. Wani likitan dabbobi ya taɓa gaya mini cewa ba duk maganin ke ƙarewa a jikin dabba ba, wani yana fita a kashi da fitsari ya zauna a ƙasa, har ƙwayoyin cuta su saba da shi. Na yi masa dariya. Amma daga ranar ban ƙara zuba takin garken baya a gonar tudu ba. Lambun Gwaggonku nake aika shi, kyauta, har da motar kaiwa. Lokacin mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ta yi ta sa mini albarka a gaban jama'a, ina sunkuyar da kai, ana cewa kunya ce da ni.

Latas take nomawa, abin da ake ci ɗanye, kuma rijiyar lambun suke sha. Da jikarta ta kwanta asibiti ana ta canja mata magani yana ƙin kamawa, ban ce takina ne ba, ban sani ba. Na dai kasa zuwa dubiya.

Na uku. Ranar da Dogo, ɗan Gwaggonku, ya ce a daina kawo musu takin, Babba ya kira shi butulu, ina zaune ina sakace. Tun ranar ba sa gaisawa. Gaskiya Dogo ya faɗa. Babba, da ƙafarka za ka je, ban da aike.

Na huɗu. Auta, ke kika yi karatu: ki kai ƙasar lambun da ruwan rijiyar a gwada, lambun kuma ya huta. Takin garken baya a tara shi nesa da ruwa, kada a sayar, kada a bayar. Bayarwar ma ta fi muni. Mai saye yana shinshinawa, wanda aka ba kuwa godiya kawai yake yi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku riƙe gidan Gwaggonku. Ku karanta mata takardar nan, kada ku tsallake layi ko ɗaya. Na sha zuwa in faɗa mata, da ta fara yi mini addu'a sai in fasa in dawo gida. In bayan ta ji ta sake sa mini albarka, ku ce amin da ƙarfi. Ita ce albarkar farko da ban sata ba.