Inna, Akwatin da Na Ɓoye a Jebel Ali

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Hajiya Binta, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, Autanki ne yake rubuto miki daga Dubai. Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Ko kina raye ma sai kin nemi mai karanta miki, don ni da ke allo muka sani, ɗan bokon nawa a waya na tsince shi. Na sa ta a nan intanet inda jama'a za su gani ne saboda akwai mutum ɗaya da nake so ya karanta, na kuwa kasa kallon idonsa in faɗa masa da baki.

Inna, gobe da safe za a shiga da Halilu, ƙaramin ɗan Yaya Kabiru, ɗakin tiyata. Lafiyarsa lau. Ɓargo za a zuƙo daga ƙugunsa a saka wa yayarsa Ummi, takwararki, wadda ciwon sikila ya ƙi bari tun tana rarrafe. Shekarunsa uku. Ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda, don ko an tambaye shi alawa zai ce a ba shi.

Kin fi kowa sanin halina. Duk abin da ya ɓata a gidanmu, kafin a duba ƙarƙashin gado sai an dubi fuskata. Na ɓoye miki carbi a cikin tulu. Na ɓoye takalman baƙinki har sai da suka ci tuwon da suka ce sun ƙoshi. Kina bi na da muciya kina dariya, kina cewa, "Auta, wata rana sai ka ɓoye abin da ba za ka iya fito da shi ba."

Bakin uwa. Ashe ranar tana nan tafe.

Lokacin da Anti Rabi, matar Yaya, take da cikin Halilu, likitan Ummi ya yi musu bayanin da na tsinta a bakin ƙofa. Wai a jinin da ke saura cikin cibiya da mabiyiya bayan haihuwa akwai wasu ƙwayoyi waɗanda su ne irin jini, kamar irin gero. In an ɗebe su a take aka adana a sanyi, kuma jinin jaririn ya dace da na Ummi, za a shuka mata su, jikinta ya fara yin jini mai kyau. Ba a taɓa jariri, ba a taɓa uwa. Abin da za a zubar ne. Kamfanin da ke adanawa ya ba su wani farin akwati, bai fi kwalin takalmi ba, aka ce ranar haihuwa a zo da shi asibiti. Yaya yana yawan tafiya saro kaya, sai ya damƙa mini, ya ce in riƙe shi kamar fasfo ɗina.

Da labarin ya iso miki Kano, ba ki kira Yaya ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba kya faɗa, balle ki zauna kina ja-in-ja da shi a kan haihuwar matarsa. Ni kika kira, don da ni ba kunya tsakaninmu.

Kin ce kin ji a rediyo ana ta rigima a ƙasashen Turawa, wasu na cewa a bari, wasu na cewa a hana, wai likitoci suna cire ƙwayoyi daga abin da bai gama zama jariri ba suna gwaje-gwaje da su. Kin ce ke kin ga zamanin da ake gwada magani a kan 'ya'yan talakawa ba a faɗa wa iyayensu ba. Kin ce mabiyiya 'yar'uwar tafiyar yaro ce, wanke ta ake yi a binne kamar mutum, haka aka yi wa tamu mu bakwai a gindin katangar bayan ɗakinki, shi ya sa duk inda muka je muna dawowa. Maganarki ta ƙarshe ita ce, "Kada ka bari a sa mini jinin jika a firji kamar kifi."

Inna, ni ban san akwai bambanci tsakanin waccan rigimar ta rediyo da jinin cibiya ba. Sai daga baya Bitrus, wani ɗan Kafanchan da ke gyaran na'urar sanyi a wurin aikinmu, ya gaya mini cewa ko su a coci waɗancan ne suke ƙi, wannan kam ba wanda ya hana. Malamin da 'yan kasuwarmu suke ɗaukar karatu a wajensa a unguwar Bur Dubai ma haka ya ce: a ɗebi jinin, a binne sauran, ba abin da ya ɓaci. Tambaya ɗaya ce ya kamata in yi a kan lokaci. Ban yi ba. Na ɗauka abin irin na carbi ne.

Dabarata ita ce in faranta muku duka. Na kai akwatin sito ɗin da nake lodi a Jebel Ali, tashar jiragen ruwa ta Dubai, na cusa shi cikin wani kwali na kayan gida da Yaya zai aika miki, na ɗauki hoto na tura miki in nuna na cika umarni. Nufina bayan kwana biyu in fito da shi, tunda saura sati uku haihuwa. Har ina yi wa kaina dariya, wai na yi wa tsohuwa wayo.

Washegari aka canja mini wurin aiki. Kafin in dawo an loda kwalayen, an rufe kwantena, an buga mata hatimi. Khalas, in ji Larabawa, an gama. Na ce ba komai, zan san ƙaryar da zan yi a karɓo wani akwatin. Ina ta jan ƙafa don tsoron faɗan Yaya, sai naƙuda ta kama Anti Rabi ranar Juma'a ana shirin masallaci. Yaya yana Caina. Asibitin da ya fi kusa aka kai ta, ba su da irin akwatin. Kafin mutumin kamfani ya ratso cunkoso ya iso da wani, Halilu ya faɗo, jinin ya daskare.

Na ce wa Yaya a tasi na manta shi. Bai zage ni ba, Inna. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah bai nufa ba, Auta."

Na karɓi mabiyiyar, na wanke ta yadda kika kwatanta mini, na naɗe a farin ƙyalle, na haƙa rami a rairayin bayan masaukinmu na ma'aikata na binne. Na kira ki na faɗa miki. Kika sa mini albarka.

Da aka gwada jinin Halilu, ya dace da na Ummi cif. Likita ya ce yanzu sai ɓargo, ɓargo kuwa sai yaro ya yi nauyin da za a iya ɗiba. Aka shiga jira. A cikin jiran nan ne, kina da wata biyar da rasuwa, ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwar Ummi. Tana cin fanke a falo kofi ya suɓuce daga hannunta. Hannun hagun nan bai dawo ba har yau, ƙafar kuma jan ta take yi. Likita bai ce da an samu jinin cibiya da hakan ba ta faru ba. Bai kuma ce da ta faru ba. A tsakanin nan nake kwana nake tashi.

Har yanzu ina tsokanar ta. Ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ina ce mata ta tashi ta dama mini kunu tunda sunanki ta ci. Yanzu tana cikin wani ɗaki mai gilashi, maganin da aka ba ta don ya share tsohon ɓargonta ya zubar mata da gashi, sai ta bayan gilashi nake yi mata gwalo. Jiya ta ɗaga hannun da ke aiki ta yi mini daƙuwa. Na yi dariya, na fita na zauna a kan matakala.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da na je gida zaman makokinki, 'yan'uwa mata suna fito da kayanki, sai na ga farin akwatin a ƙasan adakarki, a naɗe cikin mayafin da kike salla da shi. Ba a buɗe shi ba. Ashe ya iso miki. Ashe shekara biyu kina kwana da shi a ɗaki, kina jin labarin Ummi ana kai ta asibiti ana dawowa, kin kasa gaya wa Yaya saboda kunyar ɗan fari, kin kasa gaya mini saboda ke kika aike ni. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kika daina dariyar tsokanata a waya. Na sa shi a jakata na dawo da shi Dubai.

Ban zo in ɗora miki laifi ba, Innata. Tsoronki yana da tushe. Har yau ban san wa ke riƙe da jinin yaran mutane a waɗancan firji ba, ko me za a yi da wanda ba a zo nema ba, kuma manya na can suna ta gardamarsu ba su taɓa zuwa tsakar gidanmu sun yi miki bayani da Hausa ba. Ke ƙauna ce ta sa ki. Ni kuwa wasa na mai da abin da ba na wasa ba.

Makon jiya na je in ga inda na binne mabiyiyar. An zuba kwalta, manyan motoci ne suke kwana a kai. Na kasa gane ko ina ne ramin.

Gobe bayan sallar asuba zan ɗauki akwatin in kai asibiti, in ajiye a gaban Yaya kafin a shiga da Halilu. Watakila ya riga ya karanta wannan. In ya kore ni, ya yi daidai. In ya sake cewa Allah bai nufa ba, ban san yadda zan ɗauka ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa Inna, Ka sanyaya kabarinta, kada Ka kama ta da abin da ba ta sani ba. Ka sa Halilu ya farka yana neman alawarsa. Ka sa irin nan ya kama a jikin Ummi, ya tsira. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin tsayawa a gaban ɗan'uwana.

Ki huta lafiya, Inna. Na fito da abin da na ɓoye, sai dai na makara.

Naki har gobe kiyama,
Auta.